Tari da Ciwon Ƙirji a Arewacin Zamfara: Waiwaye a Kan Cututtukan Numfashi a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Galibin abin da aka rubuta game da tarihin ƙasar Zamfara ya tsaya ne a kan sarauta da yaƙe-yaƙe, wato wa ya gaji wa, wane gari aka ci, da kuma shekarar da aka yi ƙaura daga wannan birni zuwa wancan. Ilimi ne mai amfani, babu shakka. Sai dai duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san ba da sarakuna kaɗai suke lissafin shekaru ba. Sukan ce wane an haife shi shekarar fara, wance an yi mata aure bayan yunwa, wane kuma da marisuwa ya rasu. Ashe ke nan cuta ma tana da nata gurbi a cikin tarihi.

Wannan maƙala za ta dubi cututtukan huhu da hanyoyin numfashi a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a duba yadda kakanninmu suka fahimce su, da hanyoyin da suka biyo suka iske mu, da abin da ya sa har yanzu suke cin rayuka alhali an daɗe da samun maganin mafi yawansu.

Ƙasar da Yanayinta

Garuruwan nan uku suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996. Ƙaura tana bakin gulbin Gagare, ta kuma samo sunanta daga Namoda, jarumin Fulani Alibawa wanda ya taka muhimmiyar rawa a cin Alƙalawa cikin 1808. Zurmi tana kusa da gulbin Bunsuru, ƙasarta ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jamhuriyar Nijar. Shinkafi kuwa gari ne na fadama, kasuwarta ta shahara wajen dabbobi da hatsi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, yankin nan kan hanya yake. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Sakkwato ta nan suke ratsawa. Baturen nan Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, bayan abokin tafiyarsa, likita Oudney, ya rasu kusa da Katagum a farkon shekarar sakamakon doguwar jinyar tari da ciwon ƙirji. Haka shi ma Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno. Hanyar da ta kawo goro da gishiri da kanwa, ita ce kuma takan kawo cuta.

Abu na biyu shi ne hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iska kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura mai laushi, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda a da can tafki ne. Ƙurar nan takan busar da hanci da maƙogwaro, ta tsattsage fatar cikinsu, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daidai wannan lokaci ne kuma ake hura wuta a ɗaka saboda ɗari, a toshe taga da tsumma, iyali su kwana cikin hayaƙi ɗaya da numfashi ɗaya.

Sunayen Cututtuka da Magungunan Gargajiya

Bahaushe bai jira zuwan Bature ba kafin ya rarrabe ciwon ƙirji. Akwai mura, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Akwai tarin shiƙa, mai kama yara su yi ta tari babu ƙaƙƙautawa har su shiɗe. Akwai ciwon haƙarƙari, mai zuwa da zazzaɓi da suka a gefen ƙirji, wanda a asibiti ake kira limoniya. Akwai mashaƙo, akwai kuma fuka.

Kalmar fuka tana buƙatar a tsaya a kanta. A bakin jama'a takan ɗauki cuta biyu da ba su da dangantaka. Ta farko ita ce asma, wadda hanyoyin iska ke tsukewa idan mutum ya shaƙi ƙura ko hayaƙi, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma tana bin jini a wasu gidaje. Ta biyu ita ce tarin fuka ko tibi, wadda ƙwayar cuta ke haddasawa, tana kuma yaɗuwa ta iska. Haɗa su a suna ɗaya ya haifar da ɓarna ta fuska biyu. An ƙyamaci masu asma ba da haƙƙinsu ba, an kuma ɗauki tibi a matsayin ciwon gado, ana cewa ai tarin gidansu ne, alhali kwana a ɗaki ɗaya ne ya sa ta bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Wajen magani, an dogara da zuma da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, da ganyen sabara, da sassaƙen marke da na gawo. Akan yi sirace, a shafa man shanu a ƙirji. Wanzamai kuma sukan yi ƙaho da tsaga a haƙarƙari, su cire beli idan an zarge shi da jawo tari. Malaman jihadi ma sun ba fannin muhimmanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da dama a kan ɗibbu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, sannan Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi nan ƙasar Zamfara, ya shahara da littattafan magani.

Adalci shi ne a ce wasu daga cikin magungunan nan suna kwantar da tari, suna sauƙaƙa mura. Amma babu wanda ke kashe ƙwayar tibi a cikinsu, cire beli kuwa yakan jawo zubar jini da shigar wata cutar ta hanyar aska.

Shekarar Marisuwa

Annobar numfashi mafi girma da ta taɓa auka wa ƙasar nan ita ce murar 1918, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa. Ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, an kuma ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 50. Ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba 1918, ta bi hanyar dogo, wanda ya riga ya isa Kano tun 1911. Kafin shekarar ta ƙare ta mamaye lardunan Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Nijeriya ta yi asarar rayuka wajen 500,000 cikin 'yan watanni, a lokacin da jama'arta ba su wuce miliyan 18 ba.

A wancan lokaci dogo bai zo Gusau ba, balle Ƙaura. Saboda haka da ƙafa marisuwa ta iso mu, tare da fatake da 'yan ci-rani da masu cin kasuwa. Abin da ya bambanta ta da sauran mura shi ne yadda ta fi kayar da majiya ƙarfi, samari da 'yan mata da masu juna biyu. Ciwon kan fara da zazzaɓi da ciwon jiki, ya zarce zuwa ciwon haƙarƙari, cikin kwana kaɗan a rasa mutum. Ta kuma zo ne da kaka, lokacin da ake buƙatar hannu a gona. Kakata ta wajen uwa, wadda tana yarinya a lokacin, takan ce abin da ba ta manta ba shi ne shirun turmi. Sai gari ya waye ba a jin daka a unguwa, domin masu dakan duk suna kwance.

Dogo da Auduga da Taba

A 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta biyo Funtuwa da Gusau ta tsaya a Ƙaura. Kasancewarta ƙarshen dogo ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga ƙasashen Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi suka zo daga kudu da arewa, 'yan dako da leburori suka cika ɗakunan haya kusa da tasha. Arziki ya shigo, amma cunkoson da ya zo tare da shi irin wanda tarin fuka ke so ne.

Ita ma sana'ar da kanta tana da nata haraji a kan huhu. Wanda ya yi aiki a wurin awon auduga, ko a injin gurzarta a Gusau da Funtuwa, ko a masaƙar Gusau da aka buɗe a shekarun 1960, ya san yadda ƙurarta ke cika ƙirji. Likitoci sun tabbatar cewa shaƙar ta shekara da shekaru yana jawo ƙuncin numfashi mai ɗorewa. Haka abin yake ga masu sussuka da shiƙa da masu injin niƙa.

Taba kuwa tsohuwar shuka ce a fadamunmu, ana shan ta a lofe, ana shaƙa, ana kuma taunawa da kanwa. Zamanin Turawa ne ya mayar da ita sigari, aka kafa masana'antarta a Zariya a 1959, manoman fadama suka sami kasuwa. Tun 1950 binciken likitoci a Ingila da Amurka ya nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, amma sai a 2015 Nijeriya ta kafa cikakkiyar dokar taƙaita shan taba. Yau kuma ga shisha ta shigo hannun matasa.

A zamaninmu haƙar zinariya ta ƙara wata ƙurar. Masifar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta faru ne saboda niƙa dutse a cikin gidaje. Ban da dalma, garin dutsen yana ɗauke da ƙura mai kaifi da ke yi wa huhu tabon da ba ya warkewa, ta kuma share wa tibi hanya. Gwajin da aka yi ya nuna cewa yayyafa ruwa lokacin niƙa yana rage ƙurar ƙwarai. Samarinmu da yawa sun je wuraren haƙar nan, sun kuma dawo gida da tari.

Tarin Fuka

Marisuwa ta zo ta wuce, ta bar suna. Tarin fuka bai ba wata shekara suna ba, domin kowace shekara tasa ce. Likitan Jamus Robert Koch ne ya bayyana ƙwayar da ke haddasa shi ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. An fara amfani da rigakafin BCG a 1921, aka gano maganin farko mai kashe ƙwayar a 1943, wasu suka biyo baya a shekarun 1950 da 1960. A Nijeriya an kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, cibiyar horar da ma'aikatansa kuma tana Saye, kusa da Zariya. A 1993 aka ɗauki tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya ko wani amintacce. Daga 2011 aka fara shigo da na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar a cikin kaki cikin sa'o'i kaɗan.

Alamomin cutar sanannu ne: tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, wani lokaci da jini a kaki. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ana shan maganin wata shida, wata biyu na farko iri huɗu a haɗe, sauran wata huɗu iri biyu. Duk da haka Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu kamuwa da ita.

Dalilin bai wuce abu uku ba. Na farko kunya. Gidan da aka san akwai mai tari akan guji neman aure a cikinsa, saboda haka sai a ɓoye. A gidajen kulle, mace takan yi wata da watanni tana tari kafin a ba ta izinin zuwa asibiti. Na biyu yanke magani. Lokacin da nake aiki, akwai wani masinja a ofishinmu, mutumin kirki mai 'ya'ya biyar. Ya fara shan magani, bayan wata biyu tari ya tsaya, jiki ya murmure, sai ya ce ya warke, ya tafi gona da damina. Da kaka ciwon ya dawo, maganin da ya yi masa aiki da fari ya daina yi. Bai ga wata daminar ba, kuma kafin shekara ƙaramar 'yarsa ta fara tari. Ba mu san cewa ƙwayar da aka raunana ba a kashe ba takan tashi da taurin kai ba, da mun tsaya a kansa. Na uku kuwa nono. Shanu suna da nasu tibi, yana kuma kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba. A ƙasar kiwo irin tamu, tafasa madara kafin a kwantar da kindirmo ba ƙaramin rigakafi ba ne.

Yara da Rigakafi

Babu wanda ciwon ƙirji ya fi ci kamar ƙananan yara. Ƙyanda da tarin shiƙa sukan zo da rani, kuma abin da ke kashe yaro a ƙyanda galibi ciwon haƙarƙarin da ke biyo bayanta ne. 'Yan zamaninmu za su tuna gangamin lamba da aka fara a 1967, lokacin da ma'aikata suka zagaya garuruwa da allura mai kama da bindiga, ana yi wa kowa ta agana, yara ƙanana kuma ta ƙyanda. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya. Wannan hujja ce da idonmu ya gani.

An kafa shirin rigakafin yara na dindindin a ƙarshen shekarun 1970. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, saboda zargin da ya yaɗu a kansa. An ci gaba daga baya, amma shakkun ya shafi sauran allurai. A 2012 aka shigo da allura mai kare cuta biyar a haɗe, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo, a ƙarshen 2014 kuma aka fara ta limoniya. Duk da haka Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 162,000 a Nijeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wannan shekara.

Akwai abin da kowane malami zai iya koya wa iyaye ba tare da kayan aiki ba, wato ƙirga numfashi. Jaririn da ke tsakanin wata 2 zuwa 11, idan numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, ko kuma aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, to asibiti za a nufa a ranar, ba wajen wanzami ba. Hayaƙin icce a madafa, inda uwa ke girki da goyo a baya, yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan ciwo.

Annobar Zamaninmu da Rashin Tsaro

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓarke a Ƙaramar Hukumar Zurmi, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi. Kafin ya lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Sanƙarau ciwon ƙwaƙwalwa ne, amma ƙwayarsa a hanci da maƙogwaro take zama, ta numfashi take yaɗuwa, ƙura da cunkoso ne kuma ke taimaka mata.

Korona ta shigo Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ita ma ta Legas kamar marisuwa, amma wannan karon ta jirgin sama. Ranar 3 ga Mayu 2020 Mai martaba Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, ya rasu a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, inda aka keɓe shi bisa zaton cutar. Allah Ya jiƙansa. Rasuwarsa ta sa da yawa daga masu musun cutar suka yi shiru. Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo mai toshe maƙogwaro ya ɓarke a Kano, mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba a yi wa rigakafi ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin a yankinmu shi ne ta'addancin 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, jama'a sun cunkushe a makarantu da kangaye da gidajen dangi a manyan garuruwa. Ɗakunan shan magani da yawa na karkara sun zama kufai. A watan Satumba 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka kuma katse layukan waya. Mai shan maganin wata shida, idan hanya ta rufe masa mako uku, ya shiga halin masinjan da na ambata ba da son ransa ba. Yunwa kuma ta biyo baya. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka iske kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Yaron da yunwa ta ci, murar da ɗan'uwansa zai warke daga gare ta cikin kwana uku ita ce ajalinsa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa cututtukan numfashi sun bi hanyoyinmu na fatauci, sun bi sana'o'inmu, sun kuma bi mu har cikin ɗakunan kwana. Kakanninmu na 1918 ba su da allura ba su da ƙwaya, uzurinsu a fili yake. Mu kuwa magani ya iske mu, abin da ya rage shi ne isa gare shi da kuma yarda da shi. Addininmu ma ya yi umarni da neman magani, ya kuma hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta da su lura da ɗalibin da tarinsa ya wuce mako biyu, su kira iyayensa cikin sirri da mutuntawa. Su bar tagogin aji a buɗe, su kuma bambance wa yara asma da tibi. Alarammomi su duba wurin kwanan almajirai. Dattawa da limamai da masu unguwanni su cire wa jama'a kunyar tarin fuka, su tsaya a kan wanda ya fara magani har ya kammala. Hukuma kuwa ta sani cewa buɗe hanya da tsare ƙauye shi ma aikin lafiya ne.

Daga ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu masu sha'awar tarihi. Waɗanda suka ga marisuwa sun ƙare, amma 'ya'yansu da jikokinsu da suka ji daga bakinsu suna nan, haka tsofaffin malaman asibiti da duba-gari da ungozomomi na zamanin En'e. Kowane malami ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna da na garinsu tun suna raye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, amin.